Wa ya taɓa kai mai cutar Parkinson aikin sauti a ƙwaƙwalwa?

Autan Baba: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan Baba na fama da Parkinson. Da farko mun ɗauka tsufa ne, wasu dangi suka ce sammu, sai da likita ya ce ƙwayoyin da ke samar da dopamin, sinadarin da ke daidaita motsin jiki, a ƙwaƙwalwarsa ne ke mutuwa. Yana shan maganin levodopa, amma yanzu rawar hannun dama ba ta barinsa ya ja carbi, shayi ma sai an riƙe masa kofi. Na ji wai akwai aikin da ake yi da sauti ba tare da an tsaga kai ba, wai yana gyara dopamin ɗin. Don Allah wanda ya gani da idonsa ya ba mu labari.

Hajiya daga Ingila: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. An yi wa maigidana. Sai da aka fara ɗaukar hoton ƙoƙon kansa, don ba kowane kai sautin ke ratsawa yadda ake so ba. Ranar aikin aka yi masa aski ƙwal, aka ɗaure kan da ƙarfe, aka kifa masa wata hula mai bakunan sauti sama da dubu, ruwan sanyi na zagaya fatar kai, aka tura shi cikin injin ɗaukar hoto na MRI idonsa biyu. Sautin na haɗuwa a ɗigo guda cikin talamus, wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa, ya ƙona wurin. Jefi-jefi su fito da shi su ba shi biro ya zana da'ira. Ta farko kamar tafiyar kaza, ta ƙarshe sumul. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ya yi makonni yana tangaɗi, leɓensa kuma ba ya jin taɓi sosai. Gefe ɗaya kawai aka yi, kuma har gobe yana shan maganinsa.

Nas a Zariya: Auta, riƙe maganar Hajiya ta ƙarshe. Aikin nan, rawar hannu yake tsayarwa, bai dawo da dopamin ba, cutar na nan tana tafiyarta. Na taɓa jinyar wani dattijo da 'ya'yansa suka fara harhaɗa kuɗin fita waje, ashe da tuwo da nama yake haɗiye ƙwayoyin, nama kuwa na rage shigar levodopa jiki. Da likita ya mayar da shan kafin abinci, sai aka ga sauƙi.

Ɗalibi a Amurka: Abu biyu ake cakuɗawa. Na ƙonawa shi ne na'urar Exablate, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita don rawar hannun Parkinson a 2018. Ɗayan sauti ne mai rauni, ba ya ƙuna, yana zungurar jijiyoyi ne kawai. Shi ne aka ga yana motsa dopamin a ɓeraye, kuma Dakta Ali Rezai na Jami'ar West Virginia yana gwada shi kan masu shaye-shaye. Na tambaya wa kawuna, aka ce har yanzu bincike ne.

Autan Baba: Na gode ƙwarai. Sista, Baba ma da cin abinci yake shan nasa. Ranar Talata muke da ganin likita, da wannan zan fara.