Don Allah a taimaka, zanen barkwancina na tarihi ya ƙi ba da dariya

Salam jama'a. Ina yin gajerun zanen barkwanci masu gida huɗu kan tarihi da adabi, to akwai ɗaya da ya kafe min. Labarin Mansa Musa, sarkin daular Mali, ne da ya ratsa Alƙahira a 1324 zai tafi hajji, ya dinga rabon zinare har darajar zinaren ta faɗi a garin. Gida uku na farko yana ta rabo mutane na wawa, na huɗu wani mai sayar da zinare ne ya buga tagumi gaban sikelinsa, almajiri ya zo wucewa ya jefa masa dunƙule ɗaya sadaka.

Wanda ya san tarihin yana gani yake kwashewa da dariya, wanda bai sani ba kuma sai ya ce min "to sai me ya faru?"

Na sa bayani a saman gidan farko, rubutun ya cinye rabin zanen kuma a waya ba ya karantuwa sai an zuƙo shi, ga shi ya riga ya tona abin dariyar tun kafin a kai ƙarshe. Na mayar da shi ƙasan zanen, ba wanda yake karantawa. Na ƙara gidajen suka zama shida, abin ya koma darasin aji, ni kaina ban yi dariya ba.

Masu wannan harkar, ta yaya kuke cusa tarihin a cikin zanen kansa yadda wanda bai sani ba zai gane, ba tare da dogon bayani ba?