Wa ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga Gusau ko Ƙaura?

Ɗan Rijiyar Dorowa: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya yarona ya tambaye ni ina tashar jirgin ƙasa ta Sakkwato take, na ce mai babu. Dogon da ya taso daga Zariya ya biyo Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙaura Namoda tun 1929, har yau bai ƙaraso ba. Waɗanda sunka hau shi, a ɗan ba mu labari.

Baba na Kanwuri: Wa alaikumus salam. Ɗana, ai da tasharmu ce, don Gusau cikin jihar Sakkwato take kahin a cire Zamfara a 1996. Tun asuba muke lodin fatun jar akuya a gingimari, mu bi ta Talatar Mafara, mu isa jiki duk ƙura. Shi jirgi ba ya da alƙawari. Sai a shimfiɗa tabarmi gefen tasha, ga masu auduga, ga masu gyaɗa, mai shayi ya kafa tebur, 'yan mata na yawo da fura. Nan munka kwana biyu wata tahiya, har anka yi cinikin rabin fatuna ban ko ga jirgin ba. Akwai wani tsoho mai goro da kan kara kunne ga dogo, in ya ce "shina tahe", kowa ya tashi ya naɗe tabarma. Sau ɗaya na ga ya yi kure, aka yi ta yi mai dariya har la'asar.

Hajiya ta Mabera: Allah sarki Baba, ka tuna mani. Da shi anka kai ni Kano ina amarya. A Zariya ake sauka a jira na Ikko. Gwaggona ta zauna bisa kwallayena ta hana kowa taɓawa, ko alwala ba ta tashi ba sai da ƙanena ya karɓe ta.

Ɗan Runjin Sambo: Mu dai na Rigasa munka sani, mai zuwa Abuja daga Kaduna, wanda anka buɗe 2016. Kujera da sanyi, amma sai ka kai kanka Kaduna da mota tukun.

Baba na Kanwuri: To, ashe kai ma motar ce dai farko. Hajiya, kwallayen suna nan?

Hajiya ta Mabera: Saura biyu, Baba. Ɗaya gero ke ciki.