Kumbar tekuna ta janye mayafinta, ku taimaka

Ɗan Fagge a Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da na sayi ƙatuwar kumbar tekun nan mai launi, irin maxima, amma tawa 'yar ƙarama ce, ba ta wuce inci 3 ba. Da farko mayafin naman nan shuɗi da ke bakinta yana bazuwa har ya rufe gefen ƙwanson. Yau kwana goma ta janye shi, gefe ɗaya ya motse kamar an mintsine shi. Tankin kifin da take ciki lita 300 ne, murjanin ciki lafiya lau. Gishiri 1.025, zafi digiri 26, kalsiyam 420, KH (ma'aunin kabonet na ruwan) 8, naitiret (sinadarin da ke samuwa daga kashin kifi) sifili. A ƙasa na ajiye ta, kan yashi. Kuɗinta kuwa, har yau uwargida ba ta san nawa ba ne.

Baban Amira:
Wa alaikumus salam ƙanina. Yashin ne ya fara ba ni tsoro. Cikin ire-iren kumbar nan, maxima da crocea 'yan kan dutse ne, can sama inda haske ya fi ƙarfi. Derasa da squamosa su ne ke zama a yashi su haƙura da haske kaɗan. Wasu ƙwayoyin gansakuka ne ke zaune cikin mayafin, su ke haɗa mata yawancin abincinta daga haske, don haka duhu a wurinta yunwa ce. Ka ɗora ta kan ɗan faffaɗan dutse, ka riƙa hawa da ita sama sannu a hankali cikin makonni. Idan ta riga ta kama wani abu da zaren ƙarƙashinta, kada ka fizge. Yanke zaren ake yi daga jikin dutsen.

Maman Sadiƙ, Kuala Lumpur:
Yaya, kafin ka taɓa komai, bari a kashe fitila da awa biyu ka haska ƙarƙashin ƙwanson da tocila. Akwai wasu 'yan dodon koɗi farare, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da rana suna ɓuya, da dare su fito su sha jininta. Ni haka na yi asarar tawa ta farko, ina ta auna ruwa ina canza fitila, ashe ɓarawon yana ɗaki. Kana da kifin angel ko butterfly? Su ma suna tsakurar mayafin.

Baban Amira:
Sannan naitiret sifili ba abin alfahari ba ne. Tana bukatar kaɗan, ita da gansakukar jikinta. Ƙara wa kifi abinci, ita kuma tunda ƙarama ce ka ɗan zuba mata fitoplanktan, wato ƙananan tsirran ruwan da ido ba ya gani.

Ɗan Fagge a Jidda:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Jiya da ƙarfe 12 na dare na duba, na tsinci goma sha ɗaya maƙale kusa da zaren, da wani abu kamar majina. Angel ba ni da shi.

Maman Sadiƙ, Kuala Lumpur:
Majinar nan ƙwan dodon koɗin ne. Ɗauko kumbar ka sa a roba da ruwan tankin, ka goge ƙwanson da tsohon burushin haƙori, har cikin lungunan, amma kada ka taɓa naman. Ka maimaita duk bayan kwana biyu ko uku na tsawon wata guda, don sababbi za su ƙyanƙyashe. Idan ka wuce da hannu samanta ta rufe da sauri, da sauran ƙarfinta. Wadda ta wangale baki ba ta motsi ita ce ta yi nisa.

Baban Amira:
In dodon koɗin sun ƙare motsewar ba ta saki ba, dawo mu yi maganar tsoma ta a ruwan da ba gishiri na minti 30. Kada ka yi gaggawar wannan, yana wahalar da ita. Ka sa ido a bakin ƙwanson, farin layi sabo shi ne alamar ta koma girma.

Ɗan Fagge a Jidda:
Tana rufewa, alhamdu lillahi. Bari in je in nemo burushi, na yara duk sababbi ne.