Cigiyar Kalma: Me Za Mu Kira Wurin da Shalkwaftar Soja Ke Sauka?

1/ Jama'a, ina cigiyar kalma. A wuraren saukar shalkwafta, Bature yana da helifot (babban wuri), yana da helifad (ɗan daɓe), yana kuma da suna na daban ga filin jirgin da sojan ƙasa ke riƙe da shi. Mu kuwa duk mun zuba su a buhu ɗaya: filin jirgi. Wanda ya so tsawaitawa sai ya ce "filin saukar jirgin sama mai saukar ungulu na rundunar sojin ƙasa". Kafin mai karanta labarai ya kai ƙarshen wannan, jirgin ya sauka ya tashi.

2/ Abin ya shafe mu. A nan Bauchi muna da hedikwatar rundunar ayyuka na musamman ta sojin sama, ga filin jirgi na Sir Abubakar Tafawa Balewa a Durum, ga barikin Shadawanka na sojan ƙasa. A 2024 sojan ƙasa na Najeriya ya karɓi jiragen shalkwafta biyu ƙirar Bell UH-1H, nasa na kansa. Ke nan ba kowane jirgin soja ne na sojin sama ba, kuma dole harshe ya bambance.

3/ A Amurka an raba sojin sama da na ƙasa tun 1947, amma na ƙasa bai saki jiragensa duka ba. A Fort Rucker da ke jihar Alabama, inda yake horar da matuƙansa, Cairns fili suke kiransa, Hanchey da Lowe kuwa helifot. Haka a sansanoninsa na ƙetare: a Jamus akwai fili a Wiesbaden da helifot a Ansbach, a Koriya ta Kudu akwai filin Desiderio cikin sansanin Humphreys.

4/ Filin da sojan ƙasa ke riƙe da shi ba shi da gardama. Inda akwai dogon titin da jirgi mai fiffike zai yi gudu kafin ya ɗaga, filin jirgin sojan ƙasa ya wadatar.

5/ Helifot ne ya jawo ce-ce-ku-ce. Wani ɗan uwa daga Azare ya kawo "dandalin ungulu". Daɗin faɗa kam akwai, amma Malam, Bahaushe na jin haka mahauta zai tuna. Wani ya ce "sheƙa". Ban karɓa ba, don ba wurin kwana kaɗai ba ne: akwai mai, akwai makanikai, akwai rumfar ajiye jirgi, akwai masu ba matuƙi izinin tashi ta rediyo. Wurin da ake shiga ana fita, da ma'aikata a tsaye, tasha muke ce masa tuntuni. Ni dai tashar shalkwafta na zaɓa. Mai son helikwafta ya sa abarsa, ba faɗa.

6/ Saura helifad, wanda shi na fi so a tsaya a kai. Ɗan daɓen siminti ne da aka zana wa babban harafin H, gefe guda ga wani ƙyalle mai kamar ƙafar wando rataye a sanda yana nuna inda iska ta dosa. Babu mai, babu kanikanci. Duk wanda ya ga shalkwafta ta sauka a filin ƙwallon makaranta lokacin kamfe, ƙura ta turnuƙe, huluna na tashi sama, ya san amfanin daɓen nan.

Shawarata: masauka. Ƙirar marina ce da majema da maƙera, wato wurin da ake yin aikin. Masauki an riga an ba baƙo, ba za mu ƙwace ba.

7/ Wani malamin Hausa a Gombe ya ja ni: ai masauka jam'i ne, wato masu sauka. Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma makaranta fa? Ita ce wurin karatu, ita ce masu karatu, a rubuce duk ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa ɓata hanya. Maƙera ma haka.

8/ Na gwada su a jimla: "Jirgin ya tashi daga tashar shalkwafta, ya ajiye waɗanda suka ji rauni a masaukar asibiti." Bai yi mini nauyi a baki ba. Abin da nake jira yanzu shi ne bakin tsofaffin sojoji, don in akwai sunan da ake kiran daɓen nan da shi a bariki tun da, nasu ya riga nawa. Baba, ku da kuka yi aiki a Shadawanka, yaya kuke ce masa?