Sandar rubutu a bakin mahaɗi: ciki take ko waje?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu aiki da editocin cikin burauza. Ina so mu tara abin da kowa ya gani game da sandar rubutu (cursor) idan ta iso ƙarshen mahaɗi (link). Misali, kalmar "rahoto" mahaɗi ce, kana son ta koma "rahoton bana", duk a cikin mahaɗin. A Chrome ka ajiye sandar bayan harafin ƙarshe ka buga, sai sabbin haruffan su zube waje. Wani editan kuma akasin haka yake yi: mahaɗi yana ƙarshen sakin layi, duk abin da ka buga ciki yake shiga, ka rasa ta inda za ka fita.

Mai haɗa manhaja:
Wa alaikumus salam Malam. Ido wuri ɗaya yake gani, amma a DOM, wato tsarin shafin kamar yadda burauza ke riƙe da shi, wurare biyu ne: ƙarshen rubutun da ke cikin `<a>`, alamar mahaɗi, da farkon abin da ke bayan `</a>`. Tsakaninsu babu faɗin ko digo ɗaya. Duba `getSelection().anchorNode` da `anchorOffset`, za ka ga sandar tana ciki, amma da ka buga harafi Chrome ya tura shi waje, da gangan, don kada mahaɗi ya riƙa haɗiye rubutun da ke biye da shi. Ko ka tilasta wurin da `range.setStart`, abin da zai yi kenan. Kowace burauza da nata hali a `contenteditable`, wato sashen shafi da ake iya rubutu a ciki, don haka gwajin Chrome ba ya wadatar wa Firefox.

Ga mai rubutu da yake son ya wuce wurin yanzu: sa sandar tsakanin "t" da "o" na ƙarshe, buga "on bana", sannan ka share "o" ɗin da ya rage a baya. Tunda daga tsakiya ka buga, komai ya zauna ciki.

Mai kula da edita:
Maganin da aka fi yi shi ne a cusa harafi marar faɗi, U+200B ko U+FEFF, a gefen mahaɗin don sandar ta samu wurin tsayawa. Editan TinyMCE haka yake yi da `inline_boundaries`, har ya haskaka mahaɗin idan kana ciki. Yana aiki, amma wanda zai haɗa nasa da hannu ya shirya. Backspace zai share harafin ɓoyen tukuna, mai rubutu ya danna ya ga babu abin da ya motsa. Ƙidayar haruffa za ta ƙaru da ɗaya. In ba ka cire shi kafin ajiyewa ba, zai bi rubutun har cikin ma'ajiyar bayanai, neman kalma ya kasa gano ta alhali ga ta ana kallo. A saka shi lokacin da sandar ta iso bakin, a cire da zarar ta bar wurin, a kuma sake tacewa wajen kwafi da wajen ajiya. Wajen kwafi ne aka fi mantawa.

Mai gwajin manhaja:
Ni dai tsarin editan CKEditor 5 ya fi kwanta min. A ƙarshen mahaɗi, danna kibiyar dama sau ɗaya ba ya matsar da sandar, fitar da ita kawai yake daga mahaɗin, dannawa ta biyu ce ke tafiya gaba. Aibinsa, wanda bai sani ba zai zaci kibod ne ya maƙale. Editan ProseMirror, a tsarinsa na asali, bai ba mai rubutu zaɓi ba, `inclusive: false` ne a kan mahaɗi, wato bugu a ƙarshe waje yake fita kullum.

Mai haɗa manhaja:
Malam mai buɗe zance, akwai wata da ake rikita ta da wannan: kana gyara rubutun mahaɗi sai sandar ta yi tsalle ta koma farkon layi. Wannan ba matsalar bakin mahaɗi ba ce. Lambar manhajar (code) ce ke sake rubuta `innerHTML` bayan kowane harafi, abin da aka saba gani a React (kayan gina manhajar yanar gizo), gaɓar rubutun da sandar ke riƙe da ita ta ɓace. Ko dai ka bar gaɓar ka canza abin da ke cikinta kawai, ko ka adana wurin a matsayin adadin haruffa daga farkon sakin layi, ka mayar bayan an sake zanawa.

Mai gwajin manhaja:
A ƙara da Android. Kibod ɗin allo yana aiko `keyCode` 229 maimakon ainihin maɓalli, kuma `insertCompositionText` ba ya soke da `preventDefault`. Duk dabarar da ta jingina da `keydown` faɗuwa take. In ka taɓa DOM yana tsakar haɗa kalma, sai ka ga kalmar ta maimaitu. Jira `compositionend` kafin ka gyara.

Sai kuma a gwada zaɓar rubutun mahaɗi gaba ɗaya a share, a buga sabo. Chrome kan cire `<a>` ya bar shuɗin launi da layin ƙasa, abu ya yi kama da mahaɗi alhali babu adireshi. Kama wannan a `beforeinput`, ka sa sabon rubutun cikin `<a>` da kanka, ko ka ba mai rubutu akwatin gyara rubutu da adireshi daban.