Harbi a tsaye: harsashi ne malami, ko atisayen gaban bango?

Tsohon Saja, Yalwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Asabar na tarar da Koci ya jera yaranmu masu harbin gasa a gaban bango, bindiga ba harsashi, suna auna ɗigon biro suna danna kunama. Wai da haka hannunsu zai zauna a harbin tsaye. Ni ban yarda ba, kuma a gabansa nake faɗa. Duk shekarun da na yi cikin kaki ban ga wanda ya ƙware bai ƙona harsashi ba. Bindigar da ba ta yi ƙara ba, ba ta huda allo ba, me za ta koya maka? A tsaye ba ƙasar da za ka kafa gwiwar hannu, ba buhun yashi, daga kai sai damtsenka. Maganinsa biyu ne, ƙarfin hannu da yawan harbi.

Koci: Wa alaikumus salam Baba Saja, Allah ya ƙara girma. Da tsohuwar zuma ake magani, ba na musun abin da idonku ya gani. Amma a duba abin da yaran nan suke harbi. A gasar bindigar iska ta mita 10, wadda a tsaye kaɗai ake yin ta, zobe mafi girma a jikin allon faɗinsa milimita 45.5 ne, bai kai bakin kofin shayi ba. Ɗigon tsakiya mai maki 10 kuwa rabin milimita ne. Harbi 60 ake yi cikin minti 75, da bindigar da nauyinta kan kai kilo 5.5, ba madubin kusanto da nesa, ba maɗaurin hannu. To Baba, wane damtse ne zai ɗaga kilo biyar sau 60 bai yi rawa ba? Tsoka in ta ɗauki kaya dole ta yi karkarwa, ko ta ɗan dambe ce. Ƙashi ne ba ya karkarwa.

Shi ya sa nake juya musu gefen hagu zuwa allo, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, a ɗan tura ƙugu gaba, gwiwar hannun hagu ta kwanta a jikin haƙarƙari ko kan ƙashin ƙugu. Sai nauyin bindiga ya bi ƙashin hannu, ya sauka ƙugu, ya bi ƙafa ya shiga ƙasa, kamar yadda azara ke sauke nauyin rufi a kan ginshiƙi. Wannan tsayuwar ba ta bukatar harsashi ko ɗaya kafin a koye ta. A Olamfik ɗin Faris na 2024, yarinya 'yar Koriya ta Kudu, Ban Hyo-jin, ita ta ci zinaren mata a wannan gasa, shekarunta 16. Wane damtse gare ta?

Maharbi, Alkaleri: Malam Koci, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma tun ina yaro nake bin mahaifina dawa. Zabo ba ya jira ka gyara ƙugu. Kana ɗagawa, hancin bindiga na ratsa jikinsa, ka fizge. Wanda ya tsaya dogon saiti sai ya koma gida da jaka wayam. Ni ina bayan Saja, hannu da ido ake haifar mutum da su, daji kuma ya ƙarasa koya masa.

Koci: Kawu, a daji gaskiyarka ce, can ne ake cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Bindigarka ta toka ƙwayoyi take watsawa, ɗaya ta samu an ci nama. Mu ƙwaya ɗaya ce mai faɗin milimita 4.5, kuma fizgar nan da ke ba ka zabo ita ce babbar cutar da nake yaƙi da ita a hannun yara.

Ɗaliba: Baba Saja, Kawu, ku gafarce ni in sa baki, don a kaina abin ya faru. Wata uku ina harbi, duk katin da na ciro sai in ga hudojin sun gangara ƙasa ta dama. Na ce bindigar ce, na ce hasken ɗakin ne. Kullum ina ƙara harbi, kullum jiya i yau. Abin da nake yi shi ne, in na ga zoben saiti yana yawo, sai in yi kwanto, yana zuwa kan baƙin in danne da sauri kafin ya gudu. Ran nan Koci ya karɓi bindigar ya juya baya kamar yana sa mata ƙwaya, ya miƙo min. Na gyara, na danna, sai ƙas, ba komai a ciki. Da idona na ga hancin bindigar ya yi sujada. Ashe duk watannin nan ni nake ture ta da yatsana, hankalina yana can kan allo ina jiran in ga inda ta huda, ban taɓa ganin abin da hannuna ke yi ba.

Daga nan ya hana ni ƙwaya har mako uku. Bindiga ba ta bin mu gida, a kulle ake ajiye ta, don haka a gida taɓaryar Mama nake ɗauka bayan sallar asuba, in tsaya gaban ɗigon da na yi a bangon tsakar gida. In rufe ido, in ja numfashi sau uku, in buɗe. In na ga taɓaryar ta kauce daga ɗigon, ba hannu zan murɗa ba, ƙafar baya zan ɗan gusar har jikina da kansa ya fuskanci wurin. A wurin atisaye kuma ya koya min in bar saitin ya yi yawonsa, in saki rabin numfashi in tsaya, in riƙa ƙara nauyin yatsa a hankali har kunamar ta tashi. In na wuce kamar daƙiƙa takwas ban harba ba, in sauke in sake daga farko. Wannan saukewar ta fi komai yi min wuya, zuciya tana ta cewa ai kin riga kin ɗaga, ki ƙarasa kawai. Da na koma kan ƙwaya, hudojin ba su shige tsakiya duka ba, amma sun dawo sun taru wuri guda.

Tsohon Saja: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi gaskiya, amma shedarki tawa ce. Wannan dabarar ta ɓoye wa mutum ko akwai harsashi ko babu, mun san ta tun muna kurata. Me ya sa ta tona asirin yatsanki? Don kin ɗauka akwai ƙwaya a ciki. Da kin san wayam take, da kin danna lafiya lau kamar mai shafa kan jariri. Duk kurtu gwani ne in ya san ba abin da zai fita. Ciwon yana zuwa ne lokacin da harbin ya zama na gaske, to a nan ya kamata a yi jinyarsa.

Kuma Koci, tunda ka kawo Olamfik, nima ina kallo. Ba'amurken nan Matiyu Emons, a Atina 2004, gasar mita 50 mai tsayuwa uku, yana kan gaba, saura harbi ɗaya a tsaye ya ɗauki zinare, sai ya harbi allon maƙwabcinsa, aka ba shi sifiri, ya faɗo na takwas. A Beijin 2008 ya sake zuwa harbin ƙarshe yana gaba, kunama ta tashi tun bai gama sauko da saiti ba, ya samu 4.4, ya ƙare na huɗu. Kana nufin bai yi atisayen bango ba ne? Bango ba ya sa zuciya ta buga.

Koci: Baba, wannan magana ta shige ni, kuma rabinta na karɓa. Bango ba ya koyar da tsoro, gaskiya ne. Amma Emons fa harsashin da ya ƙona a rayuwarsa ya fi na duk mutanen zauren nan in an haɗa, bai kuwa cece shi ba. Ashe ba yawan harbi ne maganin wannan ba. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya maimaita kuskure sau dubu da harsashi, kuskuren ya zauna masa a jiki. Gyaran wanda ya saba da fizga ya fi koyar da sabo wahala nesa ba kusa ba. Ga kuma bindigar iska, ƙwayarta ba ta da gudun harsashin soja, tana ɗan jimawa a cikin bututu, wanda ya yi saurin ɗaga kunci don ya leƙa allo ya riga ya karkatar da ita. Zama a kan saiti bayan an danna, a gaban bango ake fi ganin ko mutum yana yi.

Malamin asibiti, Gombe: Salamu alaikum. Tunda an zo kan bugun zuciya bari in shigo, don wani matashi ya taɓa tambaya ta a asirce ko akwai ƙwayar da ke kwantar da rawar hannu kafin gasa. Akwai magungunan hawan jini da ke rage bugun zuciya, irin su furofanolol, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta su ga masu harbi. A Beijin ɗin nan ta 2008 da Baba ya ambata, an ƙwace lambobi biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa, mai harbin ƙaramar bindiga, saboda shi. Ban da haramci, mai asma in ya sha yana iya toshe masa numfashi. Don Allah kada wani yaro ya je kemis. Abin da ke hannunku shi ne barci isasshe, da barin shayi mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari kafin harbi, da tafiya ko gudu kullum don zuciya ta saba bugawa a natse.

Maharbi, Alkaleri: Goro kuma? Ni da goro a baki nake shiga dawa.

Malamin asibiti, Gombe: Kawu, jikinka ya saba, kuma zabo ya fi rabin milimita girma.

Tsohon Saja: Akwai abin da ba a faɗa ba, kuma ya dame ni. Ba kowace bindiga ake dannawa wayam ba. Ta iska mai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa, in ka sake ta ba ƙwaya, abin da ke tura iskar zai daki gaba ba abin da ya tare shi, kana lalata ta. Ƙaramar nan ta .22 da ake gasar mita 50 da ita, allurarta gefen kwanso take duka, in ba kwanso tana iya cin bakin ɗakin harsashi. Yaro ya ji an ce a danna a gaban bango, ya je ya kashe kayan da da ƙyar aka samo.

Koci: Wannan kam ba ni da ta cewa, Baba ya fi ni gaskiya, kuma laifina ne da ban fara da shi ba. Bindigogin gasa na iska suna da wurin da ake juyawa kunama ta yi aiki ba tare da an saki iska ba, da shi muke yi. Ta .22 kuwa sai an sa kwanson roba. Kuma ko wace iri ce, ni da kaina nake buɗewa in duba ba komai a ciki kafin a fuskanci bango, bangon kuma ba wanda mutane ke bayansa ba.

Mai kula da zaure: Ina tunatar da kowa, maganar wasa ake yi a filin da hukuma ta sani. A dokar makamai ta Najeriya ko bindigar iska sai da lasisin 'yan sanda. Wanda ke sha'awa ya zo ta hannun masu horarwa, kada ya je neman ta bayan fage. A ci gaba.

Ɗaliba: Baba Saja, ni tambaya gare ni. In bango ba ya kawo tsoro, ku a bariki da me ake sa wa mutum tsoron kafin ranar gaske? Don ni ko yanzu, in aka ce ana rubuta maki, ƙafata ta hagu sai ta fara rawa.

Tsohon Saja: Da idon jama'a, 'yata. A tara kowa a bayanki, a kira sunanki, a ce harbi ɗaya tak gare ki, kuma kowa zai ga katin. Ko a sa ki ɗan gudu ki dawo kina haki ki ɗauka. Wannan Koci bai yi muku, yana lallaɓa ku kamar ƙwai. Ga abin da nake so, Koci. Yara takwas ne. Ka ba ni huɗu wata guda, ni da ƙwaya zan yi da su, kai ka riƙe huɗu da bangonka. Ƙarshen wata kowa ya yi 60 a gaban mutane, a ƙirga. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Koci: Na yarda da gwajin, ban yarda da rabon ba. Biyu daga cikinsu makonsu uku kacal da farawa, in na ba ku su yanzu fizga za su koya, kuma ni zan sha wahalar cire ta. Ku ɗauki uku cikin waɗanda tsayuwarsu ta zauna. Sannan nawa ma ba zan hana su ƙwaya gaba ɗaya ba, ban taɓa cewa a daina harbi har abada ba, cewa na yi kafin kowane harbi goma a yi dannawa talatin a bango. Harbi ɗaya a gaban jama'a kuwa, wannan na ɗauka, daga Asabar ɗin nan za mu fara rufe atisaye da shi, ku za ku tsaya a bayansu.

Tsohon Saja: Uku ba su isa a gane komai ba, amma na karɓa. Kuɗin ƙwayar nawa ukun ni zan biya. 'Yata, ke wane ɓangare za ki?

Ɗaliba: Baba, a bar ni wajen Koci tukuna, taɓaryar ba ta gama da ni ba. Amma harbin ƙarshen nan na ranar Asabar, a fara kiran sunana.

Maharbi, Alkaleri: In motar kasuwa ta fito da wuri zan shigo Bauchi in gani da idona. Ƙarfe nawa ake farawa?

Koci: Takwas na safe, Kawu, kafin ɗakin ya ɗauki zafi.