Taƙaitawar Muhawararmu Kan Komawa Baya a Shirin The Flash

Ga abin da masu kallo a nan Maradi suka faɗa game da komawar Barry Allen, jarumin wannan shirin talabijin, zamanin da ya wuce don ceton mahaifiyarsa, a ƙarshen zango na biyu a 2016.

1. Kusan kowa ya yarda cewa wasu ne suka kwana a ciki, domin komawar ta sauya rayuwarsu: Dante, wan Cisco abokin Barry, ya rasu a hatsarin mota, ɗiyar Diggle, wani abokin Barry, kuma ta koma ɗa namiji, alhali ba a shawarci kowa ba. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai.

2. An rabu kan laifin Barry. Wasu sun yi masa uzuri domin bai daɗe da rasa mahaifinsa ba, wasu kuwa sun kira abin son kai.

3. An shawarci sabon mai kallo ya fara daga zangon farko na 2014.